Sashen cutar kansa da ya riƙe ƙanwata da cikinta a Abuja, abin da na gani da idona

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar da ƙanwata ta gama gashi na ƙarshe, wato gashin cutar kansa da ake yi da na'ura, nake cewa zan zauna in rubuta wannan abu, sai yau Allah ya nufa. Na nemi izininta kafin in fara, ta ce Yaya rubuta duka kar ki rage komai, suna kawai za ki ɓoye. Shi ma asibitin ba zan kama sunansa ba, don akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan faɗi abin da ya ƙona min rai, kuma mutanen da suka yi mana halacci har yanzu suna aiki a wajen, bana so maganata ta shafe su. A nan Abuja yake dai, babba ne, yana da ɓangaren awo da haihuwa yana kuma da ɓangaren masu cutar daji duk a haraba ɗaya, kuma wannan haɗuwar tasu ita ce asalin abin da ya sa nake rubutun nan.

Shekararta 31 a lokacin, cikinta na uku, su suna Kubwa ni ina Gwarinpa. Cikin yana sati 16 ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu ta gefen hammata, kamar ƙwallon dabino, ba ciwo ba zugi ba komai. Ta nuna a wani ƙaramin asibitin kuɗi inda take awo, aka ɗan taɓa sama-sama aka ce ai mai ciki ce, nono ne ke shirin kawo ruwa, ta riƙa gasawa da ruwan ɗumi zai baje. Sati biyar tana gasawa abu sai ƙara girma yake, har kaluluwa ta fito mata a hammata. Wallahi har gobe in na tuna sati biyar ɗin nan zuciyata sai ta yi nauyi, saboda sikanin ɗin da bai fi minti goma ba shi ne kawai ake buƙata a ranar farko. Gaskiya ne nonon mai ciki yana cika yana tauri, yawancin ƙullutun da ake ji ma ba kansa ba ne, amma shi ya sa ciwon yake samun wajen ɓuya, ana cewa ciki ne ciki ne har sai ya yi nisa.

Ranar da na kai ta wannan asibitin ta ɓangaren awo muka shiga, cikin yana sati 21. Likitar da muka samu mace ce, ba ta jin Hausa sosai, amma ta sa aka ja labule ta duba nonon duka biyu da hammata a nutse, ba ta ce mana kansa ce ba, ba ta kuma ce ba komai ba, cewa ta yi duk ƙullutun da ya wuce sati biyu a jikin mai ciki sai an duba shi kamar yadda za a duba na wadda ba ta da ciki. A ranar aka yi sikanin ɗin nono. Bayan kwana uku aka ɗebi nama da wata allura mai kauri bayan an kashe wajen da allurar kashe zafi, tana zaune ido biyu, ta ce ƙarar abin ta fi zafinsa tsoratarwa.

Kafin a ɗebi naman nan sai da aka kai ruwa rana a gida. Hajiyarmu da uwar mijinta duk bakinsu ɗaya, wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ta taɓa shi shi kenan ya fusata ya bazu. Na san da yawanku kun taso kuna jin wannan maganar, ni ma da ita na taso. Na koma na faɗa wa likitan tiyata kai tsaye, ban ɓoye ba, kuma abin da ya burge ni bai yi dariya ba, bai ce mu jahilai ba ne, ya ce in kira Hajiya a waya, ya sa wata nas Bahaushiya ta tsaya tana fassarawa. Ya ce mata Mama, abin da ya sa mutane suke ganin kamar allura ce ke baza ciwon shi ne yawanci ba a zuwa sai ya riga ya bazu, to sai a ɗora wa allura laifin da jinkiri ya yi, kuma ba mu da hanyar sanin sunan ciwon da irin maganin da zai ji sai mun ga namansa. Hajiya ta yi shiru can ta ce to Allah ya sa a dace. Ta ci gaba da tofi da addu'arta, ba wanda ya hana ta, abin da suka roƙa kawai kar a ba ta jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ganyayyakin da ake tallatawa, saboda ba a san me za su yi wa hanta da ƙoda da abin da ke cikin ba.

Toh daga nan ƙorafina na farko ya fara. Rizal ɗin nama sai da ya yi kusan sati biyu, kullum in na je ɗakin gwaji a ce dawo jibi, ba lambar da za ka kira ba wanda zai ce maka ga inda aka kwana, kuma da ya fito sai aka ce akwai gwaji na biyu wanda zai nuna ko ciwon yana cin abincinsa daga sinadarin homon na mata ne ko kuma irin mai HER2 ne, wani sinadari da ke sa ciwon saurin girma, shi kuma wani kuɗin daban wani jiran daban. Mai ciki fa ake magana, kowane sati lissafi ne da shi. Ni a ganina duk samfurin da ya fito daga jikin mai juna biyu kamata ya yi a manna masa wata alama ya tsallake layi, na faɗa musu haka kuma ina nan a kan bakana.

Ranar da aka faɗa mana ba zan manta ba. Mu uku muka shiga, ni da ita da mijinta. Likitan kansa ya juyo da kujerarsa ya fuskance ta, ya ce sankarar mama ce, ta taɓa kaluluwar hammata. Ba ta yi kuka ba, hannu kawai ta ɗora a kan cikinta ta ce Dokta zubar min da shi za ku yi? Domin abin da kowa ya gaya mana ke nan tun kafin mu zo, har wata ma'aikaciyar lafiya a dangi ta ce mu shirya, dole a zaɓi ɗaya, ko uwa ko ɗa. Ya ce a'a Hajiya, zubar da ciki ba ya ƙara wa mai sankarar mama damar warkewa, kuma a inda cikinki ya kai za mu iya fara magani yana nan a wajensa. Sai a lokacin ta fashe da kuka, mijin ma ya juya baya yana share ido. Ni kuwa gwiwoyina ne suka saki, don na shigo da shirin rarrashinta a kan rashin ɗa, ban shigo da shirin jin wannan ba.

Ya ɗauki takarda ya zana mana cikin gida uku. Ya ce watanni ukun farko su ne lokacin da ake halittar gaɓoɓi, zuciya da ƙwaƙwalwa da laka da sauransu, a lokacin ba a ba da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, saboda yana iya jawo ɓari ko nakasa, amma daga sati 14 zuwa sama akwai magungunan da an daɗe ana ba masu ciki, kuma mabiyiya tana tare wani kaso mai yawa daga cikinsu. Ya ce tiyata ana iya yinta da ciki in ta kama, gashi ne sai an haihu. Ya lissafa waɗanda ba za a kusanto da su ba sam sai ta sauka, Herceptin saboda yana ƙafar da ruwan da jariri ke kwance a ciki, tamoksifen saboda yana iya taɓa halittarsa, da metotireksat. Bai kuma yi mana daɗin baki ba, ya ce jaririn zai iya zuwa ƙarami fiye da na baya, jininta zai riƙa sauka, gashinta zai zube, kuma shi ba zai yi alƙawarin abin da ke hannun Allah ba. Ya ce a duniya ana samun kansa a kusan ciki 1 cikin 1,000, ba abu ne na kullum ba amma ba ita ce farau ba, kuma na mama da na bakin mahaifa da na kaluluwa da na jini su ne aka fi gani.

Da na matsa da tambaya a kan lafiyar yaro nan gaba, sai ya ambaci wani likita ɗan ƙasar Beljiyam, Farfesa Frederic Amant, wanda shi da abokan aikinsa suka fitar da bincike a 2015 a kan yara 129 da aka gano iyayensu mata suna da kansa lokacin da suke ciki, da yawansu an yi wa uwayen kemo. Aka bi girmansu da kaifin ƙwaƙwalwarsu da zuciyarsu aka ga ba su bambanta da sauran yara ba, abin da aka ga yana da illa shi ne haihuwar bakwaini. Shi ya sa ya ce burinsu cikin ya kai sati 37, ba za su yi gaggawar ciro jariri don a samu a fara magani ba. Wannan maganar ta zauna min sosai, don mu a tunaninmu tausayi shi ne a ciro shi da wuri a sa a kwalba a raba shi da magani, ashe zamansa a cikin ya fi masa.

Abin da na fi yaba musu, kuma saboda shi ne zan iya cewa mutum ya kai nasa wajen, shi ne likitocin suna magana da juna. Likitan kansa, likitar haihuwa, likitan tiyata da likitan jarirai sun zauna a kan fayil ɗinta, suka fito da jadawali ɗaya, aka rubuta mana a takarda da sati da sati. Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar nan ya san yadda ake yi, wannan ya ce sha, wancan ya ce wa ya ce ki sha, kai kana tsakiya kai ya kulle. A nan ban ga haka ba ko sau ɗaya. Hatta hotunan da aka yi don a ga ko ciwon ya tafi wani wajen sai da aka zaɓa saboda cikin, hoton ƙirji an rufe mata ciki da wata riga mai nauyi ta dalma, hanta kuma sikanin aka yi, ba a sa ta a CT na ciki ba, kuma suka ce ko da MRI ta kama za a yi ne ba tare da allurar nan da ake yi don hoto ya fito ba. Alhamdulillahi bai je ko'ina ba. Aka yi mata sikanin ɗin zuciya kuma, saboda ɗaya daga cikin magungunan yana iya gajiyar da zuciya.

An fara kemo cikin yana sati 24, magani biyu a haɗe, doksorubisin da saiklofosfamaid, duk bayan sati uku, sau huɗu. Ɗakin ba wani babba ba ne, kujeru ne a jere kowa da ƙarfen ƙarin ruwansa, da sanyin na'ura wanda sai ka zo da bargo. Maganin farkon ja ne jawur kamar zoɓo, nas ce take zama ta tura shi a hankali da hannunta tana kallon jijiyar, don in ya zuba a nama yana ƙona wajen. Tun kafin a fara ta ce mata ƙanwata in kin ga fitsarinki ya yi ja yau da gobe kar ki tsorata, launin maganin ne ba jini ba ne. Kun ga wannan ƙaramar magana? Mai ciki ta shiga bayi ta ga ja, in ba a gaya mata ba ai sai ta suma. Wannan nas ɗin Allah ya saka mata da alheri ya raya mata zuri'a, ita ce take fassara mana, ita ce take zuwa da ɗan abin jin bugun zuciyar jariri kafin a sa magani da bayan an gama, ta ƙara sautin yadda uwar za ta ji da kunnenta. Ƙanwata ta ce wannan bugun shi ne yake sa ta iya dawowa zagaye na gaba.

Jiki kam ya ji. Kwana uku zuwa huɗu bayan kowane zagaye amai da kasala da ɗacin baki, ga nauyin ciki, duk da suna ba da maganin amai wanda ya dace da mai ciki kuma yana taimakawa. Gashi ya fara zuba bayan sati biyu da na farko, ranar da ta ga yana biyo mataji ta kira ni ta ce Yaya zo ki aske min duka kar yara su gani a kan filo, na aske mata muna kuka mu biyu, daga nan sai hula da ɗankwali. Kafin kowane zagaye sai an gwada jini, zagaye na huɗu ma sai da aka ɗaga da sati ɗaya saboda ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta sun yi ƙasa, aka yi shi a sati 34. Sun gargaɗe mu da babbar murya cewa in zazzaɓi ya kai 38 a ma'auni ko tsakar dare ne mu taho, kar mu ce maleriya ce mu sayi magani a kemis. A tsakani kuma likitar haihuwa tana sikanin tana auna girman jaririn da yawan ruwa. Bayan zagaye na biyu da hannunta ta ji ƙullutun ya ragu.

Yanzu bari in zo inda raina ya ɓaci, don in na yi shiru na cuci wanda zai je bayanmu. Famasinsu ba abin dogaro ba ne. Sau biyu muna zuwa da sassafe an gama gwajin jini an ce komai ya yi, sai a ce ɗaya daga cikin magungunan ya ƙare, a miƙo maka takarda a ce je ka nemo. Mijinta ya bar mu a nan ya shiga gari, Wuse, Garki, duk inda aka kwatanta masa, ga cunkoso ga fargabar jabu, don maganin kansa ba abin da za ka saya a ko'ina ba ne, sai ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa ka kuma roƙi Allah. In kun san ranar da mara lafiya zai zo tun sati uku da suka wuce, me zai hana ku tanadi maganinsa, ko ku kira shi tun kwana biyu kafin ranar ku ce babu? Wannan ba ya buƙatar wata na'ura daga waje, waya ce kawai.

Sai maganar fayil da biyan kuɗi. Likitoci sun haɗa kai amma takardu ba su haɗa ba, katin awo daban na sashen kansa daban, kuma ginin nan da wancan akwai tafiya. Akwai ranar da fayil ya ɓace a tsakani muka yi awa uku ana nema, mai ciki wata bakwai da ta sha kemo tana tsaye a baranda saboda bencin ya cika, sai da wani bawan Allah da shi ma jinyar matarsa yake ya tashi ya ba ta waje. Wajen biya kuma layi ɗaya ne da kowa da kowa, netwok ya ɗauke a ce a jira, ka biya a nan ka kai rasit can a buga hatimi ka dawo. Tun daga ranar na sayi kujerar roba nake sawa a bayan mota, na kuma yi kwafin kowace takarda na ɗauki hotonta a waya. Wanda ba shi da mai tsaya masa a wajen nan wallahi zai sha wuya, na ga mata sun zo su kaɗai daga Nasarawa da Neja da jakar leda a hannu ba su san ƙofar da za su nufa ba, kuma ba kowa ne ke jin Turanci ba, nas ɗin nan tamu kuwa ita kaɗai ce ba kullum take aiki ba.

Kuɗi kuma ba a magana. Ba zan rubuta adadi ba don farashin yana canzawa kusan duk zagaye, amma fili ya tafi, sarƙoƙinta sun tafi, 'yan uwa sun yi karo-karo har sau uku. Abin da ya ba ni haushi shi ne a bakin wata mata a layi na fara jin cewa gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu kansa marasa ƙarfi, wanda aka fara a 2021 da asibitoci shida, na masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wato prostate. Ba wanda ya ambata mana shi a ofis, ko da a ce ba mu cancanta ba ai sai a faɗa mana mu san da shi. Don haka duk wanda ya je ko'ina ne, ya nemi ofishin walwalar marasa lafiya tun ranar farko ya yi tambaya, wanda yake da inshorar NHIA kuma ya tambayi abin da ta ɗauke da abin da ba ta ɗauke ba a rubuce.

Ita wannan matar ta layi ita ma ciki ne da ita, nata a bakin mahaifa yake. Ta ce min wata biyu tana ganin jini kaɗan-kaɗan ana ce mata ciki ne ke barazanar fita ana ba ta hutu, ba wanda ya leƙa ya duba bakin mahaifar, alhali dubawar ba ta hana ciki zama. Ita an ce mata tiyata za a yi a ciro jaririn in lokaci ya yi, ba za ta haihu da kanta ba. Saboda ita ne na kai 'yata aka yi mata rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, wanda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a ƙasar nan tun watan Oktoba na 2023, da can ina ta jan ƙafa saboda surutun mutane.

Bayan zagaye na huɗu aka tsaya cak. Sun ce ba a son kemo ya wuce wajen sati 35, kuma ana son a samu tazarar sati uku tsakaninsa da haihuwa don jinin uwa da na jariri su farfaɗo, kar a shiga naƙuda da jinin da ba zai iya tare cuta ko tsayar da zuba ba. Cikin yana sati 37 da 'yan kwanaki aka kwantar da ita aka tayar da naƙuda, ta haihu da kanta da asuba, mace, ƙarama ce kam ba ta kai yayyenta nauyi ba amma ta fito da kukanta da gashinta baƙi sumul, uwar ta kalli kan ta ce Yaya ga gashin da na rasa. Likitan jarirai yana wajen, ya duba ta ya ɗebi jininta, ba a sa ta a kwalba ba. Mabiyiya kuma suka ce za su kai ɗakin gwaji su tabbatar ciwon bai sauka a cikinta ba, uwar miji ta so ta ja don mu a al'ada wankewa ake a binne, sai da aka yi mata bayani ta haƙura. Rizal ya fito lafiya lau.

A ɗakin haihuwa an kula da mu sosai, wannan ba ni da abin cewa. Amma akwai giɓi ɗaya da na gani wanda ba na magani ba ne. An ce ba za ta shayar ba saboda za a ci gaba da kemo bayan ɗan hutu kuma maganin yana fita ta nono, aka ba ta ƙwayar ƙafar da ruwan nono, magana ta ƙare a minti biyu. Wallahi wannan ya fi zubewar gashi yi mata ciwo, ya fi ma cire nonon da aka yi daga baya. Mace Bahaushiya da ta shayar da biyu kusan shekara bibbiyu, 'yan barka suna shigowa suna ganin jaririya da bulumboti suna tambaya me ya faru, wasu har da cewa ai ko ɗaya nonon a ba ta mana. Dare take yi tana kuka. Ba wanda aka turo ya zauna da ita ya ji abin da ke ranta, kuma asibitin da ya iya haɗa likitoci huɗu a kan fayil ɗaya bai kamata ya rasa mutum ɗaya na wannan aikin ba. Ga tsadar madarar gwangwani a kan kuɗin magani.

Wankan jego ma sai da aka yi zama a kansa. Likita ya ce banda tafasasshen ruwa da ganye, banda kunun kanwa, ruwa mai ɗumi ya isa. Ya ce tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wajen masu jego da ke shan kanwa da yawa suna gasa jiki, ita kuma ga shi ta sha maganin da dama yake taɓa zuciya. Hajiyarmu da kanta ta tsaya a kan wannan, duk wadda ta zo da ƙullin kanwa sai ta ce ajiye a can.

Sauran tafiyar zan taƙaita don ta fita daga maganar ciki. Bayan suna da ɗan hutu aka koma kemo da wani maganin, faklitaksel, wanda ya sa mata jin kamar kiyashi a tafin hannu da ƙafa, sannan tiyata aka cire nonon da kaluluwar hammata, sannan gashi, wanda shi ma sai da muka yi jiran layi don na'urar ba ta da yawa a ƙasar nan kaf. Gwajin nan na biyu ya nuna nata mai jin homon ne ba mai HER2 ba, don haka yanzu tana kan tamoksifen ƙwaya ɗaya kullum, an ce shekara biyar zuwa goma, kuma an ja kunnensu ita da mijin kar ta ɗauki ciki tana shansa, aka sa mata abin tsarin iyali na cikin mahaifa wanda ba shi da homon. Wannan ma likitar haihuwar ce ta zauna da su su biyu ta yi bayanin, ba a bar ta ta je ta faɗa wa miji ita kaɗai ba.

In maki za a ce in ba su, likitoci da nas-nas ɗin ɗakin kemo da na haihuwa tara cikin goma, kuma ɗayan da na rage na rashin mai rarrashi ne. Ɗakin gwaji biyar. Famasi da wajen fayil da wajen biya ba za su wuce uku ba a wajena. Amma in yau wata tawa ta zo min da ciki da ƙullutu a nono, nan ɗin zan sake kai ta, saboda layi da ɓatan fayil na san yadda zan yi da su, amma likitan da zai ce a zubar da cikin wata biyar ba dalili, ko wanda zai ce a gasa da ruwan ɗumi, ba ni da yadda zan gyara abin da zai ɓata. In ba a Abuja kike ba, abin da za ki tambaya a duk inda kika je shi ne ko likitan kansa da na haihuwa za su zauna tare a kanki, in an ce a'a ki nemi takardar tura ki gaba.

Yarinyar yanzu ta fara tafiya, tana bin bango tana kiran yayyenta, an yi mata duk rigakafinta a kan lokaci. Gashin uwar ya fito, ya ma fi na da laushi, hannunta na hagu ne yake ɗan kumbura in ta yi aiki da yawa tana sa masa safar da aka ba ta. Talata mai zuwa muna da ganin likita, za a yi hoton ɗaya nonon, ni zan kai ta, kwafin takardu suna jaka kujerar roba tana bayan mota. Duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a don Allah, ita da waccan matar ta layi da lambarta ta daina shiga tun bayan sallah.